Ɗana yana aji 3 amma har yanzu bai iya karatu ba, me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ɗana shekararsa 8, yana aji 3 a makarantar kuɗi. Wajen wayo ba a magana: in aka ba shi labari sau ɗaya ya riƙe, a islamiyya ma haddarsa ta fi ta yayansa. Amma da an miƙa masa littafi sai ya fara kame-kame. Yana rubuta b a wurin d, kalmar da ya rubuta daidai yau gobe ya ɓata ta. Malamarsu ta ce wasa ne ya yi masa yawa, babansa kuma ya ce Hausar da muke yi a gida ce take hana shi iya Turanci. Ya yi jinkirin magana yana ƙarami, ga ƙanwarsa ma shekara biyu da rabi ba ta haɗa kalma biyu. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya raya miki su. Yaron da yake riƙe labari daga ji ɗaya, ya kuma wuce yayansa a hadda, ba daƙiƙi ba ne, kuma da wuya a ce lalaci ne ke damunsa. A cikin yaran da ake kawo mana, wanda aka ce wasa ya yi masa yawa sau da dama gudun littafin yake yi, saboda ya gaji da jin kunya a gaban 'yan ajinsu. Ba zan iya yanke hukunci a kan yaron da ban gani ba, amma abin da kika faɗa ya isa in nuna miki inda za ki fara.

Magana ɗan Adam yana tsintarta ne a bakin mutane, ba sai an zaunar da shi ba. Karatu kuwa dole sai an koyar. Kafin yaro ya gane amfanin harafi, sai kunnensa ya fara jin cewa kalma tana rabuwa: "kifi" gaɓa biyu ce, ki da fi, kowace gaɓa kuma baƙi ne da wasali. Yawancin yara suna gane wannan da ɗan taimako kaɗan. Wasu kuwa, kamar biyar zuwa goma a cikin ɗari, a nan ƙwaƙwalwarsu take wahala: suna jin kalmar dunƙule, suna fahimtar ma'anarta sarai, amma warware ta zuwa sautuka da ɗaura kowane sauti a kan harafinsa yana yi musu nauyi. Wannan lalura ita ake kira disleksiya. Ba sabon abu ba ne. Tun a 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 da malaminsa ya ce da a ce da baki kawai ake karatu, da babu wanda ya kai shi a makarantar. Tana bin jini, har ma idan uwa ko uba na da ita, kusan rabin 'ya'yansu kan taɓa ta. Jinkirin magana a ƙuruciya ma yana daga cikin alamun da kan riga ta zuwa. Don haka ki bincika a hankali: a danginki ko na babansa akwai wanda boko ta gagara alhali a kasuwa ko a sana'a ba a kama ƙafarsa?

Batun b da d kada ya ɗaga miki hankali fiye da kima. Yara da yawa suna juya su har wajen shekara 7, balle namu da ke da b, d, ɓ da ɗ, ga kuma Larabci da ake rubutawa daga dama. A shekara 8 abin lura ne, amma ba shi ne tushen matsalar ba, kuma ba wai idonsa ne ke ganin haruffa a juye ba.

Sai dai kafin a laƙaba wa yaro sunan wata lalura, akwai tambayar da na fi fara yi: an taɓa koya masa karatu kuwa? Ba gatse nake yi ba. Rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. Ba zai yiwu a ce duk disleksiya gare su ba. Abin da ke faruwa a ajujuwa da yawa, har da na makarantun kuɗi masu kyan fenti, shi ne malama ta karanta layi, yara su amsa da ƙarfi, a maimaita har ya zauna. Yaro mai ƙarfin hadda irin naki zai iya kaiwa aji 3 a haka ba wanda ya gane, domin yana "karanta" shafin da ya haddace ba tare da idonsa ya bi kalma ɗaya ba.

A fara da jiki. Ki kai shi a gwada jinsa, ko da kina ganin yana ji. Ruwan da kan taru a bayan dodon kunne bayan mura, ko kunne mai zubar da mugunya, yana rage ji ta yadda yaro zai ji kira amma ya kasa bambanta "sara" da "tsara". Sanƙarau, ƙyanda, hangum da shawara mai tsanani ta jarirai duk suna iya taɓa ji. Sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa yana yin wannan gwaji, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. A duba idonsa. A duba jininsa, domin ƙarancin jini yana sa yaro kasala da rashin tattara hankali. Idan kuma mai sikila ne ki gaya wa likitansa cewa karatu na ba shi wahala, saboda sikila kan taɓa jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alama a fili ba. Kuma a daina sa wa yara kwallin dutse. Yawancinsa akwai dalma a ciki, dalmar nan da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, wadda ko kaɗan ta shiga jiki tana rage kaifin koyo.

Akwai gwajin da za ki yi da kanki a tsakar gida, cikin raha, ba da fuskar jarrabawa ba. Da baki kawai, ba takarda: ki ce masa, "Da wane sauti 'masara' ta fara?" Ki ce, "Faɗi 'tabarma', to yanzu cire 'ta', me ya rage?" Ki ja sautuka a rarrabe, r… a… n… a, ki ce ya haɗa ya gaya miki kalmar. Sannan ki rubuta masa kalmomin da babu su a Hausa, kamar "mizo", "lafu", "nekita", ki ce sunayen wasu dodanni ne a tatsuniya. Amfanin kalmar ƙarya shi ne ba a haddace ta. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali ne kaɗai zai karanta. Idan ya dubi harafin farko ya cafko wata kalma da ka, ya ce "miya" ko "lafiya", kin ga inda gizo yake saƙar.

Yanzu maganar babansa. Ki gaya masa cikin ladabi cewa Hausar gida ba ta hana yaro Turanci, kuma jin harshe biyu ko uku ba ya jawo jinkirin magana. Ni a nawa ganin ma, Hausa ce babbar damar da yaron nan yake da ita. Dubi yadda rubutun boko yake: harafin a kullum a ne, k kullum k ne, gaɓoɓinmu kuma gajeru ne, baƙi da wasali, wani lokaci da baƙi a ƙarshe. Turanci kuwa haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka wajen 44, harafi ɗaya ya yi wannan ƙara a nan, ya yi wata a can. Wani bincike da aka buga a 2003, wanda ya kwatanta yaran ƙasashen Turai, ya nuna cewa masu koyo da harsunan da rubutunsu ke bin furuci, irin su Italiyanci da harshen Finland, sun kusa ƙwarewa a karanta kalmomi a ƙarshen shekarar farko, yayin da masu Turanci suke bukatar fiye da ninkin wannan lokaci. Waɗancan fa Turancin harshen uwarsu ne. To ina ga ɗan Bahaushe da ake so ya koyi dabarar karatu da baƙon harshe a lokaci guda? A nan gida ma an gwada. A shekarun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Ile-Ife inda aka koyar da yara firamare gaba ɗaya da Yarabanci, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba su kasa takwarorinsu a Turancin ba. Littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a firamarorin Bauchi da Sakkwato a kan wannan tunani aka gina su. Dabarar haɗa sauti da harafi sau ɗaya ake koyonta a rayuwa. Wanda ya kama ta da Hausa zai tafi da ita Turanci.

Ga yadda nake so ki yi. Minti 15 zuwa 20 kullum, a lokacin da ba ya jin yunwa ko barci, ya fi awa biyu ranar Asabar. Ki yanka kwali ƙanana, ki rubuta harafi ɗaya a kowanne, ƙananan haruffa, baƙaƙe da baƙin biro, wasula da ja. Ki fara da shida kacal: a, i, u, k, m, n. Ki koya masa ƙarar harafi, ba sunansa na waƙar "ei, bi, si" ba. Ki ɗaga m ki ce "mmm", leɓe a rufe, ya faɗa, ya zana shi da yatsa a cikin faranti mai yashi yana furtawa. Sai ki ajiye m a hagu, a a dama, ki riƙa turo su a hankali har su haɗu: mmm… a, ma. Ki cire a ki sa i: mi. Ki sa u: mu. Daga haruffa shidan nan kaɗai zai karanta mama, kaka, nama, kuka, kunu, ina, makani, har da jimla: "Ina kaka?" "Kunu na nan." Ranar da yaron da ya saba cewa "ban iya ba" ya karanta jimla da kansa, ba hadda ba, za ki ga yadda zamansa a kan tabarmar zai canza.

Kada ki yi gaggawar ƙara haruffa. Biyu ko uku a mako sun isa, kuma kowane zama a fara da bitar na baya, domin yaro mai wannan lalura yana bukatar maimaici ninkin-ba-ninkin na sauran yara kafin abu ya zauna. Mantuwar da yake yi ba raini ba ce. Haruffa masu kama da juna a raba su da makonni: b ta zauna daram kafin d ta shigo, sannan daga baya ɓ da ɗ da ƙ. Idan sun zo, ki yi wasa da kalmomin da ƙugiya kaɗai ta raba su: kafa da ƙafa, kara da ƙara, bata da ɓata, daka da ɗaka. Ki faɗi ɗaya, ya nuna wadda ya ji. Haka sh, ts, ky, gw, ƙw, a koya masa su a matsayin ƙara ɗaya mai haruffa biyu. Sai baƙi mai nanatawa, baba da babba, daba da dabba, inda yara da yawa ke tuntuɓe. Abu ɗaya da rubutunmu ba ya nunawa shi ne tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa garin da ake zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya. Wannan kuwa, jimlar da kalmar ta fito a ciki ce ke warware shi, kuma yaron da Hausa ta cika bakinsa ba ya shan wahala a kai.

Idan ya makale a kalma, kada ki ce "duba hoton" ko "canka mana". Ki sa yatsa a ƙarƙashin harafin farko ki ce, "Wace ƙara yake yi?" Ku bi ta gaɓa-gaɓa. In ya gagara bayan ɗan jira, ki faɗa masa, ku wuce.

Rubutu yana tafiya tare da karatu a zama ɗaya, ba a jira sai ya iya karatu. Ki yi masa shifta ta kalmomi uku ko huɗu daga haruffan da ya riga ya koya. Kafin ya taɓa fensir, ya faɗi kalmar, ya tafa gaɓoɓinta, ya jera marfin kwalba ɗaya ga kowace ƙara: "kunu" marfi huɗu. Sannan ya rubuta harafi a ƙarƙashin kowane marfi, ya karanta abin da ya rubuta. Idan ya rubuta "knu", kada ki soke da ja. Ki ce, "Karanta min abin da ka rubuta," shi da kansa zai ji wasalin da ya tsere. Kwafar kalma sau 20 a littafi aikin hannu ne kawai, ƙwaƙwalwa na can wani wuri. Matsalar raba kalma da haɗe ta kuwa, irin "ya na" da "yana", "gidan sa" da "gidansa", ki bar ta tukuna. Manya masu digiri ma suna ta fama da ita a Facebook.

Wasannin bakinmu na gargajiya aiki ɗaya suke yi da abin da ƙwararru ke kira horar da kunne. Zaurance, inda ake cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa, ba ya yiwuwa sai yaro ya iya yanka kalma. Haka juya kalma, "kifi" ta koma "fiki", da karya-harshe irin na ƙato da kwaɗo da suka je ƙoto. Ku yi su a hanyar makaranta ko kina tsince shinkafa. Kuma ki ci gaba da yi masa tatsuniya da karanta masa littafi da bakinki, har wanda ya fi ƙarfin karatunsa, kina tambayarsa me ya sa Gizo ya yi kaza, me yake gani zai biyo baya. Karatu ƙafa biyu gare shi, gane kalmar da ke kan takarda da fahimtar harshen. Ta biyun tana da ƙarfi a wurin ɗanki, kada a bari ta rame saboda ta farko tana ɗingishi.

Turanci ba za a ajiye shi ba, tunda da shi ake jarrabawa. Ya ci gaba da jin sa da furta shi. Idan ya fara karanta Hausa ba tangarɗa, sai a shiga sautukan Turanci da tsari iri ɗaya, ana nuna masa inda suka saɓa: c ta Hausa ba ita ce ta "cat" ba, akwai p da v da bakinmu kan mayar f da b, akwai baƙaƙe masu cunkushewa kamar farkon "stop" da muke son cusa wa wasali. Malamai da yawa a Najeriya sun sami horon Jolly Phonics, wato tsarin koyar da karatun Turanci ta hanyar sautukan haruffa; idan za ki ɗauki malamin lesin, ki tambaye shi yadda yake koyar da sautuka. Wanda zai zo ya taya shi aikin gida kawai ya tafi, asarar kuɗi ne.

Kada ki cire shi daga islamiyya da sunan rage masa nauyi. Wurin da yake jin shi ma gwani ne, yana bukatarsa. Sai dai ki gwada shi a shafin da bai haddace ba, domin hadda kan rufe wannan matsala a can ma. Tsarin makarantar allo na babbaƙu kafin farfaru, wato a san baƙaƙe sannan a ɗora musu wasali, shi ne ainihin matakin da ajin boko da yawa ke tsallakewa.

Ki je makarantar da kanki, ki zauna da malamarsa ba da faɗa ba. Aji mai cike da yara ba wasa ba ne, kuma yawancin malamai ba a taɓa koya musu wannan ba. Ki roƙi abubuwa kaɗan masu yiwuwa: a zaunar da shi a gaba, kada a tashe shi karatu a gaban aji ba shiri, a rage masa kwafe daga allo, a karanta masa tambayoyin lissafi da kimiyya a gwada saninsa da baki. Bulala kuwa a daina, a makaranta da gida. Duka ba ya koya wa kunne raba sauti, abin da yake koyarwa shi ne tsoron littafi, kuma cire wannan tsoron ya fi koyar da haruffa wuya. A hana yayyensa kiransa da sunan banza. Maimaita aji ma ba magani ba ne idan hanyar da ta gaza ita za a sake bi. Magungunan "buɗe ƙwaƙwalwa" da ake talla, da tabarau masu launi da ake cewa suna gyara karatu, babu hujjar cewa suna aiki. Addu'a ki dage da ita, kuɗin kuma ki sayi littattafai.

Game da ƙanwarsa: yawancin yara kan fara kalma wajen shekara 1, su kai kalmomi kamar 50 su fara haɗa biyu, irin "Mama ruwa", wajen shekara 2. Tunda ta wuce haka, kuma ga tarihin yayanta, kada a tsaya ga "babanta ma sai da ya shekara huɗu". Gwajin ji da farko. Kada a kai ta wurin wanzami a yanke mata ƙarƙashin harshe. Harshe a ɗaure ba ya hana yaro sanin kalmomi. A gida, ki riƙa yi mata maganar abin da take kallo a lokacin. Ta ce "ruwa", ki ce "kina son ruwa, ga ruwa a kofi". Ki ba ta zaɓi, "ayaba ko lemo?", ki yi shiru ki jira, kada yayyenta su amsa mata. A rage waya da katun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce awa ɗaya a rana ga 'yan shekara 2 zuwa 4. Idan ba ta waiwayowa in an kira sunanta, ba ta nuna abu da yatsa don ki gani, ko ta daina faɗar kalmomin da ta iya a da, wannan na likitan yara ne ba tare da jinkiri ba.

Shi kuwa yaron, ki ba wannan aiki zango ɗaya na karatu, kullum ba fashi. Idan rashin koyarwa ne, za ki ga ya zabura cikin makonni. Idan yana ci gaba amma da jan ƙafa, yau ya riƙe gobe ya zubar duk da ƙoƙarinku, to zaton disleksiya ya yi ƙarfi, sai a nemi a auna shi. Sashen ilimin masu bukata ta musamman na Jami'ar Bayero a Kano da na Jami'ar Jos wurare ne da za a iya fara tambaya, haka likitan yara zai iya tura ku wurin masanin halayyar yara ko mai gyaran magana. Lalurar ba ta warkewa kamar zazzaɓi. Yaro yana iya karatu, amma sau da yawa yakan kasance mai karatu a hankali, rubutunsa da kurakurai har ya girma, don haka ƙarin lokaci a jarrabawa haƙƙinsa ne da za ki riƙa nema masa. Ki ware littafi ɗaya na shiftar da kuke yi, ki sa kwanan wata a kowane shafi, kada ki goge kuskurensa. Ranar da za ku ga ƙwararre ki tafi da shi, tare da sakamakon gwajin kunne da na ido.